Na Kai Dada Mubi, Ƙungiya Ta Tsaya a Njuwa

Mun tashi daga unguwarmu Luggere ana sallame sallar asuba, ni da ƙanwata da mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada kamar yadda 'ya'yan Jimeta da yawa ke kiran tasu. Ni ne a sitiyari, ƙanwata tana kan benci a baya, Dada kuma tana kwance a kan gado, an tokare ta da matasan kai hagu da dama. Gado na ce, kuma a cikin mota. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san motar nan tun tana kwarangwal a bakin shagona. Waɗanda ba su sani ba, bari in ɗan koma baya, don in ba ku san dalilin motar ba, ba za ku gane dalilin fushina ba.

Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Asalinmu Mubi. Can kakanmu ya sauka da fataucin fata daga Katsina, can aka haife mu, ni neman abinci ne ya kawo ni Jimeta tun ina saurayi. Shekarar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, Dada ta fita da ƙafa cikin ayarin mutane, suka bi duwatsu ta wajen iyakar Kamaru. A wani gangare ta faɗi, ƙugunta da bayanta suka taɓu. Da aka kawo mana ita a bayan a-kori-kura ko miƙewa ba ta iya yi. Tun daga nan ba ta jure zaman kujera fiye da ɗan lokacin cin abinci. Ƙaninta, Kawunmu, shi kaɗai ya rage mata cikin 'yan ɗakinsu. Ya koma Mubi bayan an ƙwato garin, ciwon suga ya cinye masa idanu, ya kuma rantse ba zai ƙara barin gidansa ba sai ranar da za a ɗauke shi a makara. Ita ba ta iya zama a mota, shi ba ya fita. Fiye da shekara goma sai dai muryar juna a waya.

Abin da ya sa ke nan na sayi tsohuwar bas ta haya, na cire kujerun, na kira mai walda da kafinta. Muka kafa gado, muka keɓe ɗan ban-ɗaki da labule, muka ɗora tankin ruwa. Na sa sola a sama, batura biyu a ƙarƙashin gadon, fanka, da ƙaramin firji saboda allurar Dada, don ita ma sugan bai bar ta ba. A lungu na ɗaure tukunyar gas da risho. Maƙwabta suka sa mata suna tafi-da-gidanka. Suka ce an daɗe ana kiran waya da wannan suna alhali ba mai kwana a cikin waya, yau dai sunan ya sami mai shi.

Ana cikin haka na ji labarin wata ƙungiya ta masu irin waɗannan motoci. Yawancinsu manyan mutane ne na Abuja da Legas da Kaduna, motocinsu kuwa shigo da su aka yi daga waje. Alƙawarin da suke yi wa mamba uku ne: wurin kwana a duk jihar da ka sauka, agaji in mota ta lalace a hanya, sai na ƙarshe wanda shi ya ja ni, wai duk tafiyar da za a yi a ayari, kwamiti zai sanar da jami'an tsaron hanyar tun kafin a tashi. Duk wanda ya san hanyar arewacin Adamawa ya san darajar wannan. Na shiga, ina biyan kuɗin mamba a kan lokaci. Da aka ce tafiyar bana Adamawa za a zo, kuma har Mubi, sai na ga kamar don ni aka shirya. Ni na yi ta zirga-zirga tsakanin Jimeta da Yola. Ni na roƙi wani dattijo manomi ya ba mu aron filinsa a bakin tafkin Njuwa don motoci su kwana. Ni na nemo mai tankar ruwa, na nemo mai kindirmo. Abu ɗaya na bar musu, shi ne maganar tsaro. Duk lokacin da na tuna wa Ciyaman ɗin ƙungiyar a waya, amsarsa ɗaya: "Ka bar mana wannan, Alhaji. An gama."

To, Njuwa muka fara nufa, inda ayari zai haɗu. Bazara ce, ruwan tafkin ya ja baya, ya bar wa masu lambu ƙasa mai laima. Alayyahu da yakuwa da albasa kore shar, balbelu na bin bayan shanu, masunta biyu na tura kwale-kwale cikin taɓo. Da safe wurin nan yana da kyau, ban hana shi ba. Can gefe motocin baƙinmu a jere, farare fes kamar ba su taɓa ganin kwalta ba. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ban ga alamar shirin tafiya ba. Rumfunan jikin motoci a buɗe, kujeru a waje, wani na soya ƙwai, wani na wasa da ɗan jirgin ɗaukar hoto a sama. Ciyaman ya tarbe ni da gajeren wando da kofin shayi, mutumin da na tabbata ya yi jika.

Ya ja ni gefe ya ce kwamiti ya zauna jiya da yamma, an yanke ba za a tsallake kogin Binuwai ba. Wai wani ɗan'uwan wani mamba ya ce hanyar ba ta da kyau, kuma inshorar motocinsu ba ta kai can ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, motocin haya kullum suna zuwa Mubi suna dawowa. Ɗalibai suna bi, 'yan kasuwar shanu suna bi. Ni kaina ina bi."

Ya ce, "Ku kun saba, Alhaji. Kuma ai Yola ma Adamawa ce."

Na tambaye shi me ya hana a kira ni tun jiyan, tunda an san da mara lafiya zan zo. Ya ce ba su so su dame ni ba. Na haɗiye wannan. Na ce to ni dai zan wuce, don an riga an faɗa wa tsoho makaho cewa yayarsa na hanya. Maganar jami'an tsaro fa? Ya dafa kafaɗata ya ce an sanar tuni, in na isa shinge in ambaci sunan ƙungiya kawai. Kafin in juya, wata mamba ta taho da waya a ɗage, wai tana so ta ɗauki Mama a kwance a cikin motar, saboda labarin yana da taɓa zuciya. Ƙanwata ta ja ƙofa ta rufe a gabanta, ta kira ni yadda ake kiran yaya namiji a wajenmu, ta ce, "Hamma, mu tafi, rana na yi."

Muka sake ratsa Jimeta, gari ya riga ya farka. Masu keke napep sun cika titi kamar an zuba su da kwarya, kowanne na ganin shi kaɗai ke da uzuri. Muka hau gada. Binuwai a bazara rabinsa yashi ne, mutane na noma a tsakiyar kogi, masu wanki sun shanya zannuwa a kan tsibiri, masu tipa na ɗibar yashi. Wannan gadar da muka haye ba tare da ko addu'a ta musamman ba, ita ce manyan mutane suka zauna taron kwamiti a kanta.

A Girei na cika tanki, don kowa ya san mai yana ƙara tsada gwargwadon nisanka da Yola. A Jabbi Lamba muka tsaya muka sayi ƙosai da kunun gyaɗa mai zafi. Dada ta sha kaɗan ta ce an cika tsamiya, alamar tana cikin hayyacinta. Hanyar kuwa sai a hankali. Wani wuri an gyara sumul, wani wuri ramuka ne da kwalta a tsakaninsu. Duk ramin da na faɗa, sai na ji nishin Dada daga baya, don haka na dinga tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Direbobin haya suka yi ta wuce ni suna yarfa hannu. Wani har ya rage gudu ya tambaya ko amarya na ɗauko.

Da duwatsun Song suka bayyana, Dada ta ce a ɗage mata labule. Ta daɗe tana kallonsu. A cikin garin na tsaya sayen ƙanƙara, kafin in dawo mata uku sun yi layi a jikin motar, sun ɗauka asibitin tafi-da-gidanka ne. Ɗaya ta nace sai an auna mata hawan jini. Ƙanwata tana da abin awon na Dada, ta auna mata, ta ce ta rage gishiri. Matar ta ba mu gyaɗa a leda. Har zuwa nan, in ban da abin da ke ci mini rai na Njuwa, tafiya tana daɗi.

A wani shingen sojoji bayan Gombi ne komai ya lalace. Sojan da ya leƙa ya ga labule, ya ga wayoyin wuta sun bi jikin mota sun shige ƙarƙashin gado, ya ga tukunyar gas a ɗaure. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ja baya, ya gyara riƙon bindiga, ya ce in kashe mota in sauko da hannuna a sama. Ku ji da kyau, ban ga laifinsa ba. Mu 'yan Jimeta mun san abin da bam ya yi a kasuwarmu, mun je jana'iza. Duk wanda ya tsaya a hanyar nan a shekarun nan ya ga mota a rufe da batura da waya da tukunya, dole gabansa ya faɗi.

Aka kira ogansu, matashi ne mai magana a hankali, Hausarsa irin ta barikin soja. Na yi masa bayani, na ambaci sunan ƙungiya kamar yadda aka ce in yi, na ce an sanar da su zuwanmu. Ya ce babu wanda ya sanar da su komai. Ya ce, "Wannan shugaban naku, kira shi, bari na ji daga bakin shi."

Na kira, na buɗe murya kowa na ji. Ciyaman ya ɗauka da fara'a, ana jin kiɗa a bayansa. Da oga ya gabatar da kansa, ya ce an tsare wata mota mai batura da tukunyar gas, sai kiɗan ya ɗauke. Abin da Ciyaman ya faɗa, ga shi kamar yadda na ji, kuma ƙanwata ta ji:

"Ofisa, tafiyar ƙungiya ta ƙare a Yola. Wannan bawan Allah ba da yawunmu ya tafi ba. Motar ma ba irin tamu ba ce, haɗin gida ce, ba mu san abin da ya sa a ciki ba."

Oga ya tambaye shi ko sun taɓa aiko da sanarwa. Ya ce sun yi niyya, amma tunda an soke tafiyar ba a ga amfani ba. Jiya da yamma fa aka soke. Ke nan duk watannin da yake ce mini an gama, ba a fara ba. Kuma da safiyar nan ya dafa kafaɗata ya tura ni hanya da tsohuwa mara lafiya, ya san ƙarya yake yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne fa, wanda ya samo muku filin da kuke zaune a kai yanzu." Ya ce in yi haƙuri, ba ya son a ja sunan ƙungiya cikin abin da bai shafe ta ba. Ya kashe.

Oga ya dube ni ya ce, "Baba, mutumin ka ya ce bai san abin da ke ciki ba. To dole ni in sani."

Aka ce a fitar da komai. Da yake baturan suna ƙarƙashin gado, komai ɗin har da Dada. Ni da ƙanwata muka kama gefen bargo muka sauko da ita, tana cije leɓe, muka shimfiɗe ta a tabarma ƙarƙashin wata darbejiya da rabin ganyenta ya zube. Rana ta take. Wanda bai san zafin bazarar Adamawa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Aka sauke katifa, tukwane, jakunkuna, har bokitin ban-ɗaki aka ajiye a bakin titi. Na cire wayar firji, ƙanwata ta naɗe allurar Dada a jiƙaƙƙen tsumma tare da ragowar ƙanƙarar Song. Motoci suna zuwa suna rage gudu, fasinjoji na leƙe. Wasu na san a ransu sun riga sun yanke cewa an kama ɗan ta'adda.

Ana cikin binciken Dada ta kira ƙanwata ta yi mata raɗa. Mai ciwon suga ba ya riƙe fitsari. Ɗan ban-ɗakin da na yi wata guda ina auna shi don kada ranar irin wannan ta zo, ga shi an wargaza. Babu gida kusa, babu ko katanga. Wata mata mai sayar da rake a gefen shingen ta taso ba tare da an kira ta ba, ta kwance mayafinta, ita da ƙanwata suka kare Dada da zannuwa. Oga ya ce wa yaransa su juya baya, shi ma ya juya. Ni na tsaya a tsakiyar titi ina kallon duwatsu. Na yi shekara hamsin da wani abu a duniya, ban taɓa jin ina so in daki mutum kamar yadda na so in daki mai gajeren wandon nan a lokacin ba.

Da aka gama na je na tsuguna kusa da ita. Dada ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ba ta dube ni ba ta ce, "A wancan gudun ma ban yi wannan a gaban mutane ba."

Na miƙe na koma wurin oga.

Oga ya sa na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina nuna masa inda kowacce ta fito da inda ta nufa, daga sola zuwa batir, daga batir zuwa fanka da firji. Ya sa na kunna rishon ya ga wuta. Daga nan ya ce mu mayar da kaya, amma tukunyar gas za ta zauna wurinsu sai mun dawo. Yaransa biyu suka taya mu ɗaga Dada. Ya kira shingayen da ke gaba ya kwatanta musu motar, ya ce a bar mu mu wuce. Da zan tashi ya ce, "Da ka kawo motan nan mun gani tun kafin ka ɗauko Mama, da ba ka tsaya ba." Na ce na ji. Mun isa shingen nan rana ba ta kai tsaka ba, ba mu bar shi ba sai da la'asar ta kawo jiki.

Muka kama hanya. Muka wuce Hong da duwatsunta masu kama da an jera su da hannu, muka kai Mararraba muka karya dama. A ƙauyukan hanya za ka ga sabon kwano na ƙyalli a kan gida, kusa da shi kuma bango tsaye babu rufi, da tabon harsashi har yanzu. Amma mutane suna nan. Ana sharar gona ana jiran ruwa, 'yan makaranta na komawa gida, tireloli na fitowa daga Mubi cike da shanu suna nufar kudu. Naman shanun nan ne ake gasa wa su Ciyaman a Abuja. Shanun suna iya bin hanyar, masu cin su ne ba za su iya ba.

Mun shiga Mubi rana na shirin faɗuwa. Garin ya cika ya batse fiye da yadda Dada ta bar shi. Na ce ko in bi da ita ta ƙofar tsohon gidanmu ta gani. Ta ce, "Mutum na zo gani." Muka wuce Kolere, unguwar Kawu. Lungunsa ba ya ɗaukar mota, kuma bayan wahalar shinge ba mu so a sake ɗaga ta. Don haka aka je aka riƙo hannun Kawu. Ya fito da farar riga da aka goge tun safe, matarsa ta ce tun hantsi yake zaune a zaure, ya ƙi cin abinci. Ya shafa jikin motar, ya lalubi matakala, ya hau. Ya miƙa hannu yana lalube har ya kama ƙafar Dada.

Ya kira ta yadda ake kiran yaya mace a wajenmu, ya ce, "Adda, ke ce?"

Ta ce, "To wa kake jira?"

Ya shafa ƙafar ya ce ta rame. Ta ce shi kuma ya tsufa har ya wuce ta, in ba a sani ba sai a ce shi ne babba. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Ya zauna a bakin gadon bai saki ƙafar ba. Suka koma Fulatanci, wanda da shi suka tashi a unguwa, suna tambayar juna mutane. Na sauko na ba su wuri, na tsaya a jikin mota ina amsa gaisuwar maƙwabta.

Kwana biyu muka yi. Motar ta zama zaure. Tsofaffin ƙawayen Dada suka yi ta zuwa, kowacce sai ta cire takalmi a ƙofar mota kamar za ta shiga ɗakin amarya, ta leƙa firji, ta tambayi ko da gaske daga rana wutar take zuwa. Da yake babu gas, daga gidan Kawu ake kawo abinci, tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Dada, wadda a Jimeta sai an yi da gaske take cin loma biyar, ta cinye malmala ta nemi ƙari. Kawu kuwa daga sallar asuba yake zuwa ya zauna a bakin gadon har a kira isha. Har faɗa sun yi a kan wace shekara aka haƙa rijiyar gidan kakanmu, kowa ya kafe. Ranar da za mu taho bai yarda an yi doguwar sallama ba. Ya ce mata, "Adda, ki yafe mini." Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Ka dinga shan maganinka." Ya sauka da kansa, ya ƙi a riƙe shi.

A dawowa ba mu sami ogan a shinge ba, amma tukunyata tana nan a bayan buhunan yashi. Sojan da ya fara tsare mu ne ya ɗauko ta da kansa, ya leƙa ya ce, "Mama, yaya jiki?" Dada ta amsa masa, har ta sa masa albarka. Kusa da Song hadari ya haɗu, aka yi yayyafin farko, ƙanshin ƙasa ya cika motar. Muka haye gada, muka shiga Luggere lafiya.

Na ɗauka fushina ya kai ƙarshe, ashe da saura. Washegari dattijon da ya ba mu aron fili ya aiko a kira ni. Na je Njuwa. Baƙi sun tafi. Sun bar robobi da gwangwanaye da ledoji ko'ina. Wata mota ta juya a kan fangalin albasarsa ta murƙushe shi. Mafi muni, sun juye tankunan ban-ɗakinsu a gangaren da ke zuba cikin tafkin, inda masunta ke jan taru, inda shanu ke sha. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce da ni, "Alhaji, kai na sani, ban san su ba." Na koma shago na ɗauko shebur da buhuna, na yini ina kwashe ƙazantar manyan mutane.

Da na buɗe zauren ƙungiyar a waya, sai ga hotuna. Ga su a jere a bakin Njuwa, an ɗaga yatsu, an rubuta cewa ƙungiya ta yi jarumtar shiga yankin da rikici ya ɗaiɗaita don ta kai wa jama'a fata nagari. Yola fa. Garin da ya buɗe ƙofofinsa ya karɓi dubban masu gudun hijira a shekarun da su ko a taswira ba su nemo mu ba. Har motata tana cikin wani hoton, daga nesa, an rubuta a ƙasa wai fasahar waɗanda abin ya shafa.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, ga duk mai niyyar haɗa irin motata, don na san akwai gidaje da yawa a Jimeta da Yola da Girei da ke da tsoho kwance wanda ransa ke Michika ko Madagali ko Mubi. Motar tana aiki, ku haɗa. Ku sa batura inda za a iya buɗewa a gani ba sai an ɗaga mara lafiya ba. Kafin ranar tafiya ku bi hanyar da motar babu kowa a ciki, ku tsaya a kowane shinge ku nuna ta, a san fuskarku. In da hali ku bar tukunyar gas a gida, duk garin da kuka nufa akwai murhu. Ƙungiya kuwa, kafin ku ba ta ko sisi, ku tambaye ta a ina alƙawarinta yake ƙarewa, ku sa ta faɗi sunan garin da bakinta. Akwai mutanen da a wurinsu ƙasar nan ta ƙare a inda otal mai sanyi ya ƙare, mu da ke gaba da nan labari ne kawai da ake ɗaukar hoto da shi.

Bayan 'yan kwanaki Ciyaman ya kira ni. Muryarsa garau, kamar ba abin da ya faru. Ya ce ya ji mun dawo lafiya, ya yi murna ƙwarai, kuma in fahimce shi, a matsayinsa dole ya kare ƙungiya. Sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira. Suna haɗa rahoton tafiyar bana, kuma tunda ni mamba ne, ai za a iya cewa ƙungiya ta kai Mubi. Ko zan turo musu hotunan da na ɗauka a can, musamman na Mama da ɗan'uwanta?

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a gaban soja ka ce ba ka san abin da ke cikin motata ba. Uwata ce a ciki. Ka ci gaba da rashin sani."

Na kashe wayar, na fita daga zauren, na koma kan firjin da nake gyarawa.